Goron da Na Kai wa Makaɗi

Idon Yayana na hagu a gabana ya mutu. Ina tsaye bakin zanar filin dambe da ludayi a hannu, wani dogon ɗan dambe daga Daddara ya sauke masa hannu a turmi na biyu, na ji ƙarar kamar an taka ƙwarya. Yaya bai faɗi ba. Jini na bin kuncinsa yana shiga baki, ya tofar, ya matsa gaba, ya zuba wa dogon nan guda ɗaya a ƙasan kunne. Sai da aka kwara wa mutumin bokiti biyu kafin ya san garin da yake. Fili ya ɗauki ihu, aka ɗaga Yaya sama ana manna masa kuɗi a goshi, kuɗin na jiƙewa suna faɗuwa. Ni ma na yi guɗa ranar, Allah ya yafe mini. Bayan sati uku likita a Katsina ya ce idon ya tafi, ya kuma ce wanda ya rage ba zai ɗauki wani bugu ba.

Mu mahauta ne, a Magama aka haife mu, dab da boda. Yaya ya gaji wuƙar Babanmu da zaren da yake ɗaure hannu da shi in zai shiga dambe. Ni kuwa da mijina ya rasu ya bar mini 'ya'ya huɗu, sai na gaji tukunyar Innarmu. Tuwo da shinkafa nake sayarwa a bakin titi, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran kwastan na nan da duwan na can su sallame su. Direbobin Maraɗi da 'yan dako su ne kasuwata. Ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na taɓa fasa wa wani direba leɓe da muciya don ya ce miyata ruwan wanki ce, kuma washegari ya dawo ya ci da bakin a kumbure.

Da aka rufe boda sai titin ya mutu. Awaki suka riƙa kwanciya tsakiyar kwalta suna tuƙa. 'Yan dako suka zauna gindin bishiyar bedi suna kallon juna, faɗa na tashi a kan abin da bai kai ya kawo ba. In na tuƙa tuwo da hantsi, har la'asar yana nan yana kallona. A wannan hali ne mahauta da direbobi da 'yan babur suka haɗa kai, suka kewaye wani fili da zana a bayan tasha, suka naɗa wani tsohon mahauci, abokin Babanmu, Sarkin dambe. Suka ce duk Lahadi in kasuwar Jibiya ta fara watsewa a zo a yi dambe, daga la'asar zuwa kafin magariba, don a shekarun nan ba mai son duhu ya same shi a hanya. Ba wanda ake biya albashi. 'Yan damben duk namu ne, manoma da mahauta da masu dako, Litinin kowa zai koma sana'arsa da kumburarriyar fuska.

Abin kamar wasa, sai ga mutane. Daga Daddara, daga Farfaru, har daga ƙetare, don an rufe titi amma ba a rufe hanyar gona ba. 'Yan babur suka riƙa ɗauko mutum uku uku ta cikin gero. Mai faci ya dawo da kayansa. Masu fura, masu rake, mai cajin waya, 'yan canjin naira da sefa, kowa ya samu inda ya raɓa a jikin zanar nan. Wani maƙwabcinmu da ya riga ya ɗaure kaya zai tafi Legas neman abinci, ya kwance ya buɗe teburin shayi. Ni abin da na samu ranar Lahadi shi ke riƙe gidana har wata Lahadin. Kuma duk mun san wanda ake zuwa kallo, Yayana ne.

Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da makaɗi ke yi masa shi kaɗai a kalangu. Wanda bai tashi a gidan dambe ba zai ce ai kiɗa ne kawai. Ni na ga Yaya yana tsakiyar fiɗar wani sa, makaɗi ya wuce ta bayan mahauta yana gwada sabuwar fata, ya taɓa takensa sau ɗaya, jikin Yaya ya ɗauki tsuma, wuƙa ta faɗi, sai da maza uku suka danne shi. Shi ya sa da likita ya yi magana, Yaya bai tsaya cewa ya daina da baki ba, ya yi yadda iyayenmu ke yi. Ya shiga fili ranar Lahadi, ya warware zarensa a gaban jama'a, ya ba makaɗi cinyar rago, ya ce a binne takensa. A al'adarmu, taken da aka binne makaɗi ba ya ƙara taɓa shi ko sarki ne ya ce, sai in wanda suka fito ciki ɗaya da mai taken ya kawo goro da hannunsa ya ce a tono. Dalili kuwa, duk jinin da ya zuba a wuyan mai goron yake. Mu biyu muka rage a cikin Innarmu, daga shi sai ni.

Yaya ya koma sayar da balangu a gefen rumfata. Yana ta raha, yana cewa mai ido ɗaya ba ya gode wa Allah sai ya ga makaho, shi kuwa ya gode tun bai gani ba. Amma fili ya fara ramewa. Wata biyu, uku, sai muka ji na ƙetare sun buɗe nasu filin. 'Yan babur ɗin da ke kawo mana mutane suka juya suna kwashe namu suna kai can. Mai shayi ya sake ɗaure kayansa. Na koma tuƙa rabin tukunya, rabin ma yana kwana.

Wata Talata Sarkin dambe ya zo ya zauna a bencina, bai ce a zuba masa komai ba.

"Auta," ya ce, don haka ake kirana a gida, "kin ga yadda gari ya koma. Akwai wani Bahago can Maraɗi, ya share duk na ƙetare. Ya ce in dai Yayanki zai hito, shi zai taho da jama'arshi. Turmi guda, Auta. Su gaisa, in raba su da hannuna."

"Baba, tashi mani daga benci," na ce, "tun ban manta kai abokin Babanmu ne ba."

Ya tashi, amma maganar ba ta tashi ba. Ta bi gari. Mai rake ya daina gaishe ni. A wurin ɗibar ruwa wata mai fura ta ce da ƙarfi don in ji, wai wasu sun fi son idon mutum guda da cikin gari duka. Na ajiye jarka na shaƙo ta, muka yi ta birgima cikin caɓi, na ciro mata kitso biyu, ita kuma ta bar mini haƙoranta a dantse, tabon yana nan har yau. Na koma gida ina huci, ina jin na kare ɗan'uwana.

Amma kada in wanke kaina. Ba mai fura ce ta sa ni ba, ba Sarkin dambe ba ne. Ranar Alhamis na juye wa awaki tukunyar tuwon da ya yi tsami, ta uku a satin, na dubi buhun masara ya kusa ƙasa, na dubi 'ya'yana. Na ce a raina turmi guda ne, Yaya ya yi ɗaruruwa. Na kuma san mene ne Bahago. A gidan dambe na tashi, na san mai ɗaure hannun hagu a dama yake sauka, kuma a dama idon Yaya yake. Na sani sarai, na yafa mayafi na je na sayi goro fari ƙwarya guda.

Na samu makaɗin a zaurensa yana jan igiyoyin kalangu. Tsoho ne, shi ya yi wa Babanmu kiɗa. Ya dubi ƙullin goron, ya dube ni.

"Ɗiyata, mi kika ɗauko?"

"Baba, taken Yaya nika so a tono."

"Shi ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

"Kalangu ba shi da baya, ɗiyata. In na buga, ba ni iya maido shi. Kin ji?"

Sau uku ya tambaye ni, sau uku na ce na ji. Ya ce in ajiye goron a ƙasa, shi ba zai karɓa daga hannuna ba. Na ajiye na fito, ban juya ba.

Ranar Lahadi tun azahar hanyoyin gona suka cika da ƙarar babura. Sarkin dambe ya baza labari Bahago na zuwa, kuma za a ga abin da ba a zata ba. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba, har kan motocin da suka mutu a tasha mutane suka hau. Tukwane uku na ɗora. Yaya yana gefena yana yanka nama yana dariya, yana cewa, "Auta, yau kam Allah ya tuna da mu." Na kasa dubansa, na yi ta kwasar tuwo.

Bahago gajere ne, baƙi, wuyansa kamar turmi. Kafin a kai ga komai sai da ya kashe mutum biyu, kisa irin na dambe, wato ya kai su ƙasa. Na farko wani manomi ne daga Farfaru, bugu ɗaya ya zauna daɓas yana tofar da haƙora cikin tafin hannunsa. Na biyu ɗan dako ne da na sani, hancinsa ya koma gefe, aka ja shi waje ta ƙafa, jini na zana layi a rairayi. Jama'ar Maraɗi suka yi ta harba hula sama. Sai Bahago ya zagaya fili yana kirari, ya zo saitin rumfarmu ya ɗaga hannun nan da ke ɗaure.

"Ina mai ido gudan da aka hwaɗa muna? Ko tsoro ya sa shi saida nama?"

Yaya ya yi dariya, ya ɗaga masa wuƙa. "Na binne, ɗan'uwa. Zo ka ci balangu."

A nan makaɗi ya saɓa kalangu.

Bugu uku na farko na ga wuƙar ta tsaya a cikin naman. Yaya ya ɗaga kai ya dubi makaɗi, kamar bai yarda da kunnensa ba. Sannan ya juyo gare ni. Mai ido ɗaya ba ya satar kallo, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, haka ya juyo ya dube ni. Ya san al'ada, ya san mutum ɗaya ne a duniya zai iya kai goron nan. Jikinsa ya riga ya fara tsuma, tun daga gwiwa har leɓe. Ya cire riga, ya miƙa hannun dama, sai ga Sarkin dambe da zare a aljihu, dama ya taho da shi.

Turmin farko Yaya ya tsaya a karkace, yana tsare idonsa da hannun hagu. Suka yi ta auna juna, ƙafa na jan rairayi. Bahago ya kawo, Yaya ya goce, ya sa masa ɗaya a haƙarƙari, har inda nake na ji. Bahago ya tanƙware ya tofar da jini, amma hannunsa bai taɓa ƙasa ba. Aka raba. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Na dubi Sarkin dambe ina jira ya shiga ya ɗaga hannayensu. Fili kuwa ya haukace, ana ta ihun a sake, a sake, mutane na jijjiga zana. Tsohon nan ya dubi taron, ya dubi ƙasa, ya ja da baya. Na ƙwala masa kira har muryata ta dushe, bai waiwayo ba.

A turmi na biyu Bahago ya gane. Ya daina tsayawa a gabansa, ya riƙa zamewa ta ɓangaren mataccen idon. Yaya sai ya juya kai ya neme shi. Sau biyu yana juyawa yana samunsa. A na uku ya juya, hannun hagun nan na jiransa. Zaren ya sauka daidai kan idon. Yaya ya durƙusa, hannayensa biyu a ƙasa. Sai ya miƙe, fuskarsa duk jini, ya kai bugu inda ba kowa. Ya sake kaiwa, ya samu mai rabawa a baki, mutumin ya kife. Ya juya ya fuskanci zana, ya ba Bahago baya, yana cewa, "Ina yake? Ku nuna mani shi!"

Fili ya yi tsit, har kalangu ya tsaya. Sai wani daga cikin mahautanmu ya jefa dutse.

Abin da ya biyo baya ban gan shi a jere ba. Na ga an ɗaga bencina an karya shi a bayan wani Bamaraɗe. Na ga ɗan canji a ƙasa, kansa a fashe, ana tattaka shi. Wani ya ture tukubar mai tsire, garwashi ya kama zana, wuta ta bi ta kamar an zuba mai. Babura biyu suka kama, tankin ɗaya ya fashe. Mutanen da suka shekara suna cin tuwo a kwano ɗaya, direban nan da direban can, suka riƙa neman kan juna da itacen girkina. Na ɗauki muciya na kutsa, duk wanda ya tare ni na sauke masa, ban san ko namu ne ko nasu ba. Aka ture ni na faɗi, aka taka mini yatsu biyu suka karye, ban ji zafin ba sai daga baya. Da na kai tsakiyar fili Yaya ba ya nan. Can na hango shi a bayan mutum, an goya shi ana ratsa hayaƙi da shi. Bahago ne ya goya shi. Duwatsu na sauka a kansa da kafaɗunsa bai sauke shi ba sai a cikin motar da ta kai shi asibiti. Bahago ya dube ni, hannunsa na ɗaure har lokacin, ya ce, "Wallahi Hajiya, ce mani anka yi idon da ya rage lahiya lau yake." Jama'arsa suka ja shi suka yi daji.

Daga Jibiya aka wuce da Yaya Katsina. Matarsa ta iso washegari, ta riga ta ji komai, don makaɗi bai ɓoye wa kowa ba. A barandar asibiti, gaban mutane, ta ɗauke ni da mari, ta ƙara, ta kama wuyan rigata ta buga kaina da bango. Ni da ban taɓa barin mari ya kwana ba, na tsaya hannuwana a ƙasa har ta gaji ta zauna tana kuka. "Da me zai yi yanka?" take cewa. "Ki hwaɗa mani, da me zai riƙa wuƙa?" Likita ya fito ya faɗi abin da duk muka riga muka sani.

Sati biyu aka yi, aka sake kafa zana. Dattawan nan da na can suka zauna, aka yi sulhu, aka ce tsautsayi ne. Wani ya ɗauki damben a waya, ya bi duniya, Lahadin da ta biyo taron ya ninka. Na ƙetare suka rufe nasu filin suka dawo namu. Mai shayi ya ƙara benci, mai faci ya ɗauki abokin aiki, mai furar nan ta fara gaishe ni har da rusunawa. Ni ma na koma na ɗora tukwanena, yatsuna a ɗaure, don 'ya'ya ba sa cin nadama. Kullum nakan aika da kwano gidan Yaya, amma ban iya taka ƙofar ba. Na tsani kaina, na tsani ƙarar kalangu, kuma duk Lahadi ina zaune ina jin ta.

Bayan wata guda ya aiko a kira ni. Na same shi da hantsi a tsakar gida kan tabarma, an ɗaura masa farin ƙyalle a ido, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Matarsa ta shige ɗaki ta saki labule. Na durƙusa nesa da shi, na gaishe shi, ya juyo da fuska wajen muryata, bai daidaita ba, yana fuskantar randa. Na zo da maganganu cike da baki, na kwana ina shirya su. Na so ya zage ni, ko ya sa a miƙo masa sanda.

"Auta," ya ce, "tuwon ranan, kin saida?"

Na sunkuyar da kai ina kallon yatsuna.

"Tambayarki nike."

"Na saida, Yaya."

"Duka?"

Da na iya ƙarya da na yi. Amma gaskiyar ita ce tukwanen nan uku sun ƙare tun Bahago na kan mutum na farko. Lokacin da makaɗi ya saɓa kalangu ba ni da sauran abin sayarwa, ina tsaye da ludayi a hannu, taku goma tsakanina da shi, kuma kalma ɗaya daga bakina ta isa ta hana shi. Haka na faɗa masa, ban rage komai ba.

Ya shafa ƙyallen da ke fuskarsa. Sannan ya gyaɗa kai.

"To madalla," ya ce. "Ba a yi hasara biyu ba."

Ya miƙa hannu yana laluben kofin ruwan da ke gabansa, ya wuce shi, ya dawo ya sake wucewa. Na matsa na ɗauka zan sa masa a hannu. Da yatsuna suka taɓa nasa sai ya janye, ya ɗaga murya ya kira matarsa ta zo ta ba shi.